Ranar da Aka Tura Ni Limanci a Utaiƙa

Ni Bahaushe ne gaba da baya, kuma a cikin Katolika aka haife ni. A ƙauyenmu wannan ba abin mamaki ba ne. Babana ma shi ke jagorantar addu'a a cocinmu duk Lahadin da Fada bai samu zuwa ba. Amma a Riyad, da zarar ka buɗe baki an ji Hausa, an gama magana, kai Musulmi ne. Ba wanda zai tsaya tambayarka. Sunana kuma irin wanda Musulmi da Kirista duk suke sawa ne, don haka bai tona ni ba.

Aikin lodi ya kai ni, a wani sito na albasa da dankali da ke bayan kasuwar kayan gwari ta Utaiƙa. Wani dattijo mutumin Maraɗi, wanda kowa ke ce wa Baba, shi ya tsaya mini a wurin kafili, wato Balaraben da zamanmu a ƙasar ke hannunsa. Shi ya kuma ba ni katifa a ɗakinsu. Mu bakwai ne, 'yan Nijeriya uku, 'yan Nijar huɗu.

Ranar da na fara aiki, azahar na yi aka shiga jan ƙofofin shaguna. Motar 'yan hisba ta biyo layin a hankali, ana faɗin "salla, salla" ta lasifika. Wani ɗan Damagaram da muke ɗaki ɗaya, dogo mai saurin fushi, ya miƙo mini buta ya ce, "Yi maza ka ba ni." Da a lokacin na ce ni Kirista ne, da shi ke nan. Amma na dubi motar nan, na dubi fuskokin da ban saba da su ba, sai na karɓi butar. Alwala kuwa na iya ta, domin a gidan kawuna na yi makaranta a birni, shi Musulmi ne, kuma nakan bi 'ya'yansa Islamiyya don kada a bar ni ni kaɗai a gida. Na ce a raina gobe zan yi bayani.

Goben nan ta ɗauki shekara uku. Kullum maganar ƙara nauyi take. A makon farko ai kuskure ne, a yi dariya a wuce. Da aka shekara kuwa, me zan ce? Wanda aka gani yana sujada wata goma sha biyu, ya tashi ya ce shi Kirista ne, ko dai a ce wasa yake da salla, ko a ce ya bar Musulunci. A ƙasar nan ko wanne aka kai ƙara ya isa ya hallaka mutum. Katin zamana, wanda aka rubuta addinina a jiki da Larabci, na ɗinka masa aljihu a cikin wando. Ko wanka zan shiga da wandon nake shiga. Idan 'yan sanda suka tare mu a hanya, nakan matsa gefe in miƙa katin a kife, ina addu'a kada ɗan sandan ya karanta da ƙarfi.

Asuba da magariba da isha'i a ɗaki muke yi, domin biyu daga cikinmu takardunsu sun mutu, ba sa son yawan fita. Baba ke jan mu. Ni ina sahu, goshina a ƙasa, ina karanta addu'ar da babana ya koya mini a zuci. Na lallashi kaina cewa ai Allah ɗaya ne, ba wanda na cuta.

Abin da ya ƙara jefa ni cikin rami kuwa, bakina ne. Ina da murya, tun ina yaro nake waƙa a coci, kuma ina son a san ina da ita. Wata rana ɗan Damagaram yana bitar wata gajeriyar sura ya tsallake aya, ni kuma da iyayi na gyara masa, har na ja masa surar daga farko da ƙira'a irin ta malaminmu na Islamiyya. Baba ya ce, "Ashe da malami muke kwana ba mu sani ba!" Daga ranar sunana ya koma Malam. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin sunan.

A shekarata ta biyu aka naɗa sabon Fafaroma. Wata Juma'a da yamma muna kwance muna sauraron sashen Hausa na rediyo a wayar Baba, sai aka ba da labarin cewa Fafaroman ya je gidan yari ya durƙusa ya wanke ƙafafun fursunoni, har da Musulmi a cikinsu. Na san wannan wankin ƙafa, kowace shekara kafin Ista babana yana cikin waɗanda Fada ke wanke wa.

Baba ya jinjina kai ya ce, "Wannan tsoho ya san kansa. Babba ya duƙa wa ɗan kurkuku, ba ƙaramin abu ba ne."

Ɗan Damagaram ya ja tsaki. "Siyasa ce, Baba. Don a ɗauki hoto ne." Sai ya juyo gare ni. "Malam, kai mi ka gani?"

Duk suka zuba mini ido. Da na yi shiru ma da ya fi. Amma tsoro ya matse ni, na ga kamar in na yabi mutumin za a gane ni, sai na ce, "Ko ƙafar duniya ya wanke, kafirci dai kafirci ne." Aka yi dariya, ɗan Damagaram ya miƙo hannu muka tafa. Baba bai yi dariya ba. Na tashi na shiga banɗaki na buɗe famfo, na daɗe ban fito ba. Babana na zaga, da uwata, da duk wanda ya taɓa riƙe hannuna ya kai ni coci, don kawai a ci gaba da ce mini Malam.

Tun daga ranar na shiga bibiyar labarin tsohon nan a ɓoye, ni da kaina ban san me nake nema ba. An ce ya ƙi zama a fadar da magabatansa suka zauna, ya zaɓi ɗaki a masaukin baƙi. An ce ranar da aka naɗa shi, kafin ya sa wa jama'a albarka, sai da ya sunkuyar da kai ya roƙi su yi masa addu'a. Da tsakar rana, idan aka tafi cin abinci, nakan laɓe a bayan buhunan albasa in sa abin ji a kunne, idona ɗaya a waya ɗaya a ƙofar sito. Wani lokacin haushinsa nake ji. Ina cewa kai ai da sauƙi, wa zai kore ka daga aiki?

Bayan kamar shekara guda ƙanwata ta turo mini wani ɗan gajeren bidiyo. Ana cikin ibada a babbar majami'a, ana yi masa jagora zuwa inda zai zauna ya saurari masu furta zunubi. Sai ya kauce ya nufi wani Fada da ke zaune a gefe, ya durƙusa a gabansa, ya ba duniya baya, ya fara furta nasa. Ba a jin abin da yake faɗa. Bayansa kawai ake gani, da tafin takalmansa baƙaƙe. Na kalla ya fi sau goma. Ni rabona da furta zunubi tun kafin in hau jirgi, kuma a Riyad babu coci balle Fada. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutumin da duniya ke ce wa mai tsarki bai ji kunyar a gan shi a layin masu laifi ba. Ni kuwa ɗan lodin albasa ina ta ririta sunan da ba nawa ba.

Ban gyara komai ba duk da haka. Kwana biyu na yi ina baƙin ciki, na koma sahu.

Da bazara Baba ya samu hutun wata uku zai je gida. Muna cin abinci ya ce, "In na tafi, Malam zai riƙa jan ku salla." Na ce, "Haba Baba, ni wa? Ga waɗanda suka girme ni." Ya ce ba girma ake bi ba, karatu ake bi. Na ce karatuna bai taka kara ya karya ba. Aka ce ka ji masu ilimi, haka suke. Na ce wallahi ban cancanta ba, ni mai zunubi ne fiye da yadda kuke zato. Ɗan Damagaram ya ce, "Allahu akbar! Kun ji tsoron Allah ko?"

Nan na gane na shiga uku. A wurinmu duk wanda aka tura limanci sai ya noƙe, sau biyu sau uku, a yi ta turawa yana ja da baya. Wanda ya yi wuf ya shiga gaba shi ake zargi. Don haka duk gaskiyar da na faɗa, tawali'u suke ji. Mako biyu ina ƙi suna ƙara girmama ni. Har tsohuwar dardumar Baba aka wanke aka shanya saboda ni. Abinci ya daina shiga, na rame, na yi tunanin in ce maƙogwarona ke ciwo, na yi tunanin in gudu unguwar Gubaira wurin wasu 'yan Indiya da na sani. Amma wanda ya gudu daga kafilinsa ya zama abin farauta.

Ana gobe Baba zai tafi, magariba ta yi, aka shimfiɗa tabarmi. Baba ya ce yana so ya yi salla ɗaya a bayana kafin ya hau jirgi. Ya dafa kafaɗata ya tura ni kan dardumar. Aka tayar da salla. Na tsaya ina kallon bango, ina jin numfashin mutum shida a bayana. Na ɗaga hannuwa har sun kusa kunne.

A sahu, kaina kaɗai nake cuta, ko haka nake gaya wa kaina. A nan kuwa sallar mutum shida zan ɓata yau, ta biyar kuma wata uku, mutanen da ke tashi da ciwon baya su tsaya gaban Ubangijinsu da gaske. Tsohon nan na bidiyo ya faɗo mini a rai, a durƙushe. Ban ji wani ƙarfin zuciya ba, tsoron yana nan yadda yake. Hannuwan ne kawai suka ƙi ƙarasawa.

Na juyo. Na sa hannu a cikin wando na ɓarke ɗinkin, na miƙa wa Baba katin. Na ce, "Baba, ba zan iya ba. Ni Kirista ne. Tun ranar da na zo ƙarya nake muku."

Ɗan Damagaram ne ya fara magana. "Ridda ka yi?"

Baba ya matsar da katin kusa da ido, ya bi rubutun da yatsa. Ya ce, "Ba ridda ba ce. Haka aka haife shi." Ya miƙo mini katin ba tare da ya dube ni ba. "Matsa. Magariba ba ta jira."

Na fita na zauna a bakin matakala. Ina jin karatun Baba daga ciki, ina lissafin ko minti nawa ne daga ɗakinmu zuwa ofishin 'yan sanda. Da suka sallame na ji ya ce, "Duk wanda ya fitar da maganar nan waje, ban yafe masa ba duniya da lahira." Ɗan Damagaram ya ce wani abu da ƙarfi, Baba ya maimaita maganarsa, sannan ya kira ni.

Ya ce, "Da ka gaya mini ranar farko, da katifarka tana nan, da abincinka yana nan. Na yi aiki da Kirista a Legas shekara takwas. Me ka ɗauke ni?"



Ya ci gaba, "Ranar nan da ka zagi tsohon ku na rediyo, na ji zafi a madadinsa, ni da ba addinina ba. Ashe naka ne." Sannan ya ce, "Aikinka ba wanda zai taɓa. Amma ka nemi ɗaki kafin ƙarshen wata. Ba don addininka ba. Ba za su iya kallonka ba, ni ma yanzu ban iya ba."

Ba wanda ya kai ni ƙara. Na san darajar wannan, kuma har gobe ina gode musu. Amma akwai abin da ban shirya masa ba. Shekara uku ɗan Damagaram ke tashina da asuba. Yakan kama babban yatsan ƙafata ya girgiza, ya ce, "Tashi, malalaci," ni kuma in yi ta ƙunƙuni ina tsine masa a zuci. Washegari idona biyu tun kafin kiran salla, na rufe fuska da mayafi. Na ji ya tashi, na ji ya tashi na kusa da shi, da na biye. Ya iso kan katifata ya tsaya. Na miƙe ƙafar har ta fito daga mayafin. Ya daɗe a tsaye, sannan ya tsallake ni a hankali don kada ya tashe ni, ya ɗauki buta ya fita.