Injin Yaya Bala a Kan Tabarma

Malam Sale, bayan Asubar yau na koma na kishingiɗa, sai na yi wani mafarki da ya hana ni karyawa. Zan faɗa maka yadda ya zo, kai ka fi ni sani.

Ka san tsohuwar motar marigayi Yaya Bala da ke bayan gidana, ta zamanin Turawa. Injinta mai silinda shida, kansa a baje kamar faranti, fulogai a jere a sama. Tun haɗarin da ya ɗauke Yaya, ya bar ni da shanyayyen hannun dama, nake tara mata kayan zamaninta. Kafireto na asali daga wajen 'yan gwangwan. Dainamo. Lagireton tagulla. Na goge su, na ɗaura da hagu, na shafa wa injin koren fentinsa na da. Amma ban taɓa tayar da shi ba. Sitatar da ke tayar da shi ta mutu tuntuni, ban sami irinta ba. Sai an murɗa shi da handul, ƙarfen tayarwa da hannu, ni kuwa ba hannu. Yanzu Nura ɗan Yaya ya ce ranar Asabar zai kawo bakanike a cire injin a saka na Japan, motar ta koma hanya. Gadonsa ce.

To, a mafarkin na gan ni a wata kasuwa a tsakiyar kogi. Ruwa ya kai gwiwa, amma ba wanda ya jiƙe. Mata suna auna fulogai da mudu kamar gyaɗa. Wata tsohuwa ta miƙo mini wani ƙarfe a nannaɗe cikin ganye. Na karɓa da dama. Hannun lafiya ƙalau. Ban ma yi mamaki ba.

Sai kawai na gan ni a zauren gidanmu na ƙauye, wanda ya rushe tun ina saurayi. Injin yana kan tabarma, an lulluɓe shi da farin yadi. Maza sun kewaye shi kamar zaman makoki. Na yaye yadin. Yana ƙyalli, komai a wurinsa.

Sai ga Yaya Bala cikin rigar aikinsa mai baƙin mai. Shi bai tsufa ba, ni ne na tsufa. Ya ɗauki sukudireba, ya ɗora bakinta a kan injin, ya kara kunnensa a ƙotar, yadda yake yi in yana neman inda ciwo yake. Ya bi silinda ɗaya bayan ɗaya. Injin a kashe yake, amma ya daɗe yana saurare.

Na ce, "Yaya, ka ga kafireton? Irin naka ne." Bai dube ni ba.

Na ce, "Yaya, yaronka zai cire shi." Ya ci gaba da saurare.

Can ya ɗago ya ce, "Audu, wa ka yi wa wannan kwalliyar?"

Sai kawai ga handul a hannuna. Na zura shi. Yaya ya kama babban yatsana ya mayar da shi gefen sauran, don kada injin ya mayar da bugu ya karya shi. Na murɗa. Injin ya yi tari sau ɗaya. Na yunƙura zan sake, sai hannun ya koma yadda yake, ya saki. Na waiwaya, ba Yaya. Nura ne a tsaye, yana naɗe hannun riga. Handul ɗin ya zo karɓa ne, ko sifana zai ɗauka ya kwance injin, ban sani ba. Na buɗe baki zan tambaye shi, sai na farka. Ashe na danne hannun a ƙarƙashina, ya yi sanyi.

Ka san ni ban iya roƙo ba. Ko a gadon asibiti ban roƙi kowa ya ba ni ruwa ba. Malam Sale, me wannan yake nufi? Cewa Yaya yake in sauke kai in kira yaron ya murɗa mana kafin Asabar, ko cewa yake abin nan gawa ce, in bari a ɗauka? In kuma na roƙe shi, ya murɗa, bai tashi ba fa?