Matar da ta sauko da ɗakinta daga tsauni

Sau uku Kaka ta ba da tatsuniyar mutanen tsauni a gabana, sau uku ana aike na kafin ta kai ƙarshe. Shekaruna sittin da ɗaya, kuma ban yafe ba.

A ƙauyenmu na Adar, lokacin girbi, mukan kwana a gona ƙarƙashin wani tsauni. A kansa akwai kufai: zagayen ɗakuna na dutse zalla, ba laka, ƙofofinsu sai da rarrafe. Babu wanda ya san masu gininsu. Bayan tuwon magariba Kaka takan tura kara cikin wuta ta ce, "Ku matso, ƴan banza, ga ta nan ta sauko daga bisa."

Wai mutanen sun zauna can saboda tsoron mahara. Maza na gadi, mata na sauka rafi ɗibar ruwa sau biyu a yini. Mahara suka daina zuwa, maza ba su daina gadi ba. Sai wata mata ta gaji. Kullum in za ta sauka, ta zare dutse ɗaya daga bangon ɗakinta ta ajiye bakin rafi. Ran nan mijinta ya farka ya ga sararin sama ta bango.

Daidai nan Inna takan ƙwala kira: "Hadiza, awaki sun shiga wake!"

Da rana na tambayi Kaka, ta ce, "Tatsuniya da rana? So kike ki ɓace a daji?" Yayana Idi, da ba a taɓa aikensa ba, ya ce ba zai faɗa mini ƙarshen ba sai na yi masa wanki. Na ƙi.

Na shiga yaƙi da jahilci a unguwarmu ta Bukoki ina da jikoki. Malamarmu ta ce irin kufan nan sun girmi duk wani rubutu a ƙasar nan, labarinsu a bakin tsofaffi kaɗai ya rage. Ni dai abin da na tsinta a rabin da na ji shi ne, mai ɗaukar ruwa ita ta san nauyin inda aka kafa gari. Ko an bar matar ta gama sauko da ɗakinta, ban sani ba.

Jiya ɗiyar Idi ta kira ni daga unguwar Gamkale. Hawan jini ya taɓa harshen Idi, magana tana ƙwace masa. Shekara shida ba ma gaisawa, kuma laifinsa ne.

Da safe na sa kayan rubutuna, kaye da bik, a jaka, na tare taksi.