Eriyar Baba a Tsakar Gida

Mahaifina ɗan kokawa ne a ƙuruciyarsa, daga ƙasar Maraɗi ya zo Kurfi ya zauna. A zamanin mulkin soja ɓarin jikinsa ya shanye, na ɗauko shi ya dawo gidana. Bai roƙi komai ba, sai dai kullum yana zancen kokawar garinsu da ba zai sake gani ba.

Maigidana direba ne. Ya sayo tsohuwar talabijin mai aiki da batirin mota a Dutsin-Ma, ya kafa doguwar gora a ƙofar gida, ya ɗaura mata eriya. Da aka juya ta arewa sai ga tashar Nijar, dishi-dishi, amma ana ganin mutane. Saura kwana kaɗan a fara nuna kokawar shekara.

Sai ga wani ma'aikacin gwamnati, wai satar tashar wata ƙasa muke yi, hukuma ta hana, gobe zai zo da mutane su tuge gorar. Maigida ya yi ta ba shi haƙuri. Mijin nawa mutumin kirki ne, amma ko hular ɗan sanda ya gani sai ya rusuna.

Ni kuwa raina ya ɓaci. Abin da iska ta kawo har kan rufin ɗakina, gidan wa na fasa?

Da safe na tara matan maƙwabta, muka tuge gorar da kanmu, muka kafa ta a tsakar gida kusa da turmi. Ma'aikacin ya iso ya hango ta ta saman katanga, ya tsaya a zaure yana ta sallama.

"Hajiya, doka ce fa."

Na ce daga bayan asabari, "Malam, gidan matan aure ne. In dokar taka ta ce ka shigo, bismilla."

Dattawan unguwa na zaune a dakali suna kallonsa. Bai shigo ba. Ya ce zai kai ƙara, na ce ya gaishe su.

Ranar kokawar, bayan la'asar, muka jingina Baba da filo a gaban talabijin. Da wani ƙato ya sha ƙasa, sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya buga ƙirji, ya yi kirarinsa na da, bakin a karkace. Ban taɓa jin kirarin ba sai ranar. Na fita madafa na yi kukana.