Masta Awalu da Motar Hajiya Barkisu

Kafin masu koko su sauke tukunya ta biyu, Masta Awalu ya riga ya tsaya a bakin titin Buokrom a Kumasi yana jiran trotro, motar haya, da tsohuwar jakarsa a kafaɗa. Direbobin layin duk sun san shi, sun kuma san in ka ba shi labari a mota ka jawo wa kanka aiki. Ka ce masa an ƙara kuɗin mai, zai gyara tabarau ya ce, "A gidan mai ka gani, ko a bakin mutane ka ji?" Haka yake, kuma haka ya shafe shekara talatin da wani abu yana koyar da tarihi a sakandare, har bana da ya ajiye alli.

Ba shi da mota, ba shi da sarauta, ko a masallaci ba ya neman sahun gaba. Amma ku tambayi 'ya'yan Zongo da suka bi ta ajinsa. Labarin Sherifa kaɗai ya ishe mu shaida.

Sherifa 'yar Alhaji Khalidu ce, mai shagon atamfa a kasuwar Kejetia. Wallahi yarinyar akwai kai, shafi guda take haddacewa kamar ta sha. Amma da aka yi jarrabawar gwaji sai ta faɗi warwas a tarihi, a tambayar nan da ake ba ɗalibi wani tsohon rubutu a ce ya auna gaskiyarsa. Alhaji bai ja magana ba. Ya ce in ta sake faɗuwa a babbar jarrabawa, zancen jami'a ya mutu, ga shago nan yana neman hannu. Ita kuwa lauya take so ta zama.

Masta ya duba takardarta ya ga ba abin da ta yi sai maimaita maganar marubucin.

"Sherifa, ina naki ganin?"

"Masta, wanda ya rubuta wannan fa ya girmi babana. Ni wace ce da zan ce ya yi kuskure?"

Da wani malamin ne, da ya daka mata tsawa. Masta Awalu dariya ya yi, don ya san ba ita kaɗai ba ce. Mu a Zongo haka muke renon yara: babba ya yi magana, ka sunkuyar da kai. Sai ya tambaye ta, a Islamiyya in an kawo hadisi, me ake fara bincika? Ta ce wanda ya ruwaito. Ya ce, "To! Maganar Annabi ma sai an duba hanyar da ta biyo. Takardar wani ma'aikaci ce za ta fi ƙarfin tambaya?"

Washegari ya miƙa mata hoton wani shafin tsohuwar jarida, na lokacin da aka kori baƙi daga Ghana a 1969. Jaridar ta ce mutane sun hau motoci cikin tsari, sun tafi lafiya lau. Ya ce ta je gida ta nemi wanda ya ga abin.

Ba ta yi nisa ba. Kakarta, Hajiya Barkisu, 'yar asalin Nijar ce, tana budurwa aka loda su a mota. Tsohuwa ta ba ta labarin tukwanen da suka bari a kan murhu, da yadda mahaifiyarta ta suma don cunkoso, da ƙaninta da ya yi ta kiran akuyarsa har muryarsa ta dishe.

Sherifa ta dawo aji idonta ja wur. "Masta, jaridar nan ƙarya ta zuba! Kakata ba ta ƙarya."

"Jiya jarida ce ba ta kuskure, yau kuma kaka," in ji shi. "Zauna. Ɗan jaridar a ina yake tsaye? A tasha, yana kallon motoci a jere. Kakarki fa? Tana cikin mota. Kowannensu akwai abin da ya gani, akwai wanda bai gani ba. Ki tambayi wa ke biyan ɗan jaridar albashi. Ki kuma tambayi kakarki me ya ɓace mata."

Nan ta noƙe. A ce ta titsiye Kaka da tambaya? Kai, ba za ta iya ba.

Masta Awalu, a nan ne ka nuna ko kai wane ne. Kai ne ka sa farar rigarka ranar Asabar ka taka har gidan su Sherifa, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa ka gaida tsohuwa kamar uwarka. Ka ce, "Hajiya, a gafarce ni, duk motocin haka suka kasance?" Ta ce, "Ɗana, ni motarmu na sani. Ta bayanmu ban san abin da ya faru a cikinta ba, ba zan ɗora wa kaina ba." Ba ranta ne ya ɓaci ba, daɗi ta ji, don tun dawowarta Kumasi ba wanda ya taɓa zama ya tambaye ta. Sherifa tana gefe tana kallo. Ranar ta gane ana iya yin tambaya ba tare da an zubar da ladabi ba.

Daga nan fa gida ya shiga uku. Alhaji Khalidu da kansa ya tare Masta bayan Juma'a yana ƙorafi: "Masta, me ka yi wa 'yata? Ko saƙon waya na karanta, sai ta ce, Baba, wa ya rubuto?"

Ranar da sakamako ya fito, ƙawarta Hadija ce ta kira ta tana ihu, wai ta ci tarihi da maki mafi girma. Amma Sherifa ta ce, "Ke kika gani da idonki, ko gaya miki aka yi?" Sai da ta duba da kanta sannan ta fashe da kuka. Alhaji ne ya ɗauki akwatinta a ka zuwa tasha, ranar da za ta tafi jami'a.

Masta Awalu, mun gode. Kai ne ka koya wa 'ya'yanmu kada su haɗiye magana don kawai an buga ta a takarda, kada kuma su raina tsoho don sun yi boko. Allah Ya saka maka, Ya sa ka huta lafiya.

Ku kuma malaman da ya bar wa aji, ku yi yadda ya yi. In yaro ya ji tsoron tambaya, kada ku tsaya a bakin allo kuna faɗa. Ku tuɓe takalmi ku shiga gidansu.