Tafiyar da Ba Mu Faɗa wa Kowa Ba

A gidanmu ba a faɗin tafiya. Haka Inna, mahaifiyata, ta raine mu a Kano: sai ka isa, ka sha ruwa, sannan ka aiko da labari. In ka tambaye ta dalili sai ta ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Na yi digiri biyu, na ƙetare teku, ina koya wa Amurkawa ilimin ƙididdiga, ilimin da kullum yake nuna wa mutum cewa zuwan abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya. Duk da haka dokar Inna ban iya ajiye ta ba.

A lokacin muna zaune a Hyattsville, a hawa na uku na wani gidan haya. Maigidana injiniya ne, kullum da safe jirgin ƙasa yake bi zuwa aiki. Ni kuwa ajina a kan teburin cin abinci yake, don duk darussana ta intanet nake koyar da su. Ba son zaman gida ne ya sa ni haka ba. Babbar 'yata sikila gare ta. Shekarar da ta cika sha ɗaya ta yi ta kwanciya asibiti har makarantarsu ta mayar da ita karatu daga gida, ita ma ta kwamfuta. Ni a wannan gefen tebur ina koyarwa, ita a wancan gefen ana koya mata, kwalbar ruwanta a tsakiya. Ina cikin yi wa ɗalibai bayani sai in nuna mata kwalbar da haɓa, ta tura baki ta sha. Mai sikila ba ya wasa da ruwa, ba ya wasa da sanyi. Ko daga barci aka tashe ni na san wannan.

Abu ɗaya yarinyar nan ta taɓa roƙona da gaske. Akwai wani katafaren filin wasa a Virginia, tafiyar 'yan awoyi a mota, a cikinsa akwai wani babban lilo mai kama da tayar keke, yana ɗaga mutane sama a hankali ya sauko da su. A talla ta gan shi. Likitarta ta hana ta hawa kayan wasan filin masu gudu da masu watsa ruwa, amma ta ce wannan ba laifi. Kuma da ni take son hawa, ba da babanta ba, don ta san ko bene mai tsawo na leƙa sai jiri ya ɗebe ni, tana so ta ga yadda fuskata za ta yi. Na yi mata alkawari.

Shekarar da ta gabata mun taɓa shirya tafiyar. A wata walimar suna a Mitchellville yarinya ta bi mata ɗaya bayan ɗaya tana shaida musu, murna ta hana ta zama. Saura kwana biyu ciwo ya tashi, muka yi mako guda a asibiti. Da na gaya wa Inna a waya sai ta ce, "Bakin mutane. Ke da girmanki kika bar ta tana shela?"

Na ce, "Inna, ciwonta ne, a jini yake."

Ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin ya bi ni shekara guda cur.

Da muka sake shiri, muka zaɓi tsakiyar mako a watan Mayu, lokacin da ba sanyi, ba cunkoso. Na zaunar da ita a bakin gado na ce, "Wannan karon kada ki gaya wa kowa. Ko malamarki. Abin da aka faɗa lalacewa yake yi." Ta gyaɗa kai. Hausa tana jin ta tsaf, amma da Turanci take amsawa, irin na 'ya'yan da aka haifa a nan.

Saura mako biyu shugabar sashenmu ta aiko da saƙo. An sa ranar Laraba, ƙarfe sha ɗaya, ɗalibaina za su gabatar da aikinsu na ƙarshen zango kai tsaye ta intanet. A ƙasan saƙon ta rubuta cewa duk wanda ranar ba ta yi masa ba ya sanar da ita kafin Juma'a, za a canza. Larabar nan ita ce ranar da ke jikin tikitin shiga filin da muka yanka.

Maigidana ya karanta ta bayan kafaɗata ya ce, "Malama, ki gaya mata mana. Taura biyu ba ta taunuwa."

Na ce, "Awa biyu ce fa. Ni da nake koyarwa ina tuƙa tuwo?"

Gaskiyar magana, matar nan kirki gare ta, amma in ka ce mata za ka yi tafiya, kafin la'asar duk sashen ya sani, kowa yana aiko maka da fatan alheri. Fatan alherin nan shi nake tsoro. Na san babu hankali a ciki, na kuma ji haushin kaina, amma na bar Juma'a ta wuce ban ce komai ba.

Ranar Talata muka tafi, mu huɗu da ƙanwarta 'yar shekara biyar, muka kwana a otal. Da safe akwai darasin yarinyar na ƙarfe tara, kuma tunda ba mu nemi izini ba dole ta shiga. Na janye kujera na jingina ta da farin bango, na kawar da fitilar otal don kada kyamara ta nuna ba a gida muke ba. Malamarta ta ce ta ga yau fuskarta sai walƙiya take, ko akwai wani labari? Yarinya ta dube ni, ta dubi kwamfuta, ta ce babu komai. Wallahi a lokacin daɗi na ji. Na ce a raina 'yata ta yi hankali.

Darasinta bai ƙare ba sai goma. Kafin mu isa, mu sami wurin ajiye mota, mu taka wannan doguwar tafiya cikin rana zuwa ƙofa, sha ɗaya saura kwata. Ga lilon can yana juyawa a bayan bishiyoyi. Ta kama hannuna tana nuna mini. Na ce, "Ina gamawa, shi za mu fara hawa."

Na shiga neman inda ba hayaniya. Ko'ina kiɗa, ko'ina ihun yara. Daga ƙarshe na sami wani gidan abinci da bai cika ba tukuna, can a lungu akwai tebur kusa da soket. Na yi hamdala na baje kayana. Babanta ya ce ta zo su zaga da ƙanwarta kafin in gama. Ta ƙi. Ta ce za ta jira ni, kada in gama ba ta kusa. Ya dube ni, na ce ya ƙyale ta, ai a gida ma haka muke zama. Ya ɗauki ƙaramar suka tafi.

Na sa abin sauraro a kunne. Ɗalibi na farko ya fara, na biyu makirfonsa ya ƙi aiki muka ɓata minti goma, wata kuma ta tsaya ba da haƙurin kukan jaririnta. Duk lokacin da zan yi magana sai in tare bakina da hannu don kada su ji kiɗan waje su gane inda nake. Hankalina gaba ɗaya yana can, kan kada asirina ya tonu. A saman teburin nan kuwa, daidai kan kujerar da 'yata take zaune, akwai bakin na'urar sanyaya ɗaki yana feso iska. Ta shigo da gumi daga rana ta zauna a ƙarƙashinsa. Rigar sanyinta tana cikin jakata, na kuma danne jakar da ƙafa. Ni da nake tashi tsakiyar darasi in rufe taga saboda ita, ranar ban ɗaga kai ba.

Sau ɗaya ta taɓa hannuna. Wani ɗalibi yana tsakiyar amsa tambayata, makirfona a buɗe. Ko kallonta ban yi sosai ba, na ɗora yatsa a leɓena. Ta janye hannunta.

Awa biyun ta zama kusan uku. Da na sallami na ƙarshe na rufe kwamfuta da ƙarfi na ce, "Alhamdu lillahi, tashi mu je ki ga tsoron Ummanki." Ta yi murmushi. Sai a lokacin na ga kwalbar ruwanta cike yadda na cika ta a otal, na ga leɓenta ya bushe. Na ce, "Lafiyarki ƙalau?" Ta ce ƙalau, ta miƙe tana dafa tebur.

Na so in yarda da ita, shi ya sa na yarda. Muka fito. Tana tafiya a hankali, na ce wa kaina zama ne ya sa ƙafarta ta yi tsami. Muka shiga layin lilon. Mutum bai fi goma ba a gabanmu, har muna jin ƙarar ƙofofin kujerun ana rufewa. Ta riƙe ƙarfen layin da hannu biyu. Layi ya matsa, ita ba ta matsa ba. Sai kawai ta sulale ta durƙusa, ta rungume gwiwoyinta, ta yi wani sauti da na sani, wanda ba na fata wata uwa ta sani.

Ma'aikatan filin suka kawo keken marasa lafiya. Na kira babanta, ya zo da gudu da ƙaramar a kafaɗa. Ya tura keken har bakin mota. Muka nufi asibiti mafi kusa, ni da ita a kujerar baya, kanta a cinyata, rigar sanyin a jikinta yanzu da ba ta da amfani.

Kwana huɗu muka yi a asibitin nan. A rana ta biyu dole na rubuta wa shugabar sashenmu cewa sakamakon ɗalibai zai makara, na faɗa mata komai. Ba a yi awa ɗaya ba ta amsa. Ta ce ta yi mamaki da ban gaya mata tun farko ba, ai malamai biyu sun nemi canji ta mayar musu Litinin. Na karanta sau uku. Inna kuwa har ta koma ga Allah ban ba ta labarin wannan tafiya ba. Ban san abin da za ta ce ba, tunda babu bakin da za a ɗora wa laifi.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a mota ya faru, kafin mu kai asibiti. Tsoro yakan fito mini da siffar faɗa, halina ne, ba na yabonsa. Ina shafa ƙafarta ina yi mata tsawa. Na ce, "Tun yaushe ya fara?"

Ta ce tun ɗalibi na uku. Ashe tana ƙirga su.

Na ce, "Fiye da awa biyu kina zaune da ciwo a gabana? Wane irin taurin kai ne wannan? Me ya hana ki buɗe baki ki faɗa?"

Ta buɗe ido ta dube ni. Babu fushi a fuskarta, sai mamakin tambayar. Kuma da Hausa ta amsa, Hausarta mai karyewa, kalma bayan kalma yadda ta ji su a bakina.

"Umma, ke kika ce abin da aka faɗa lalacewa yake yi. Ina so mu hau."

Babanta ya rage gudu zai shiga babban titi. Ta tagar baya ana hango lilon, yana ta juyawa da mutane a ciki.