Mer Nawa Ne a Madarunfa?

Shekarar da aka yi gasar 'yan makaranta a Madarunfa, ina da suma wadda babu irinta daga Safo har bakin iyaka. Tun daga girbin gero nake kiwonta saboda askin Sallah. Inna takan ce in kaza ta ɓata a gidanmu, a fara duba kaina.

Ina kuma da taubashi a Ɗan Issa, ɗan kawuna. Saboda garinsu na kan hanyar Katsina, manyan motoci na wuce ƙofar gidansu, gani yake ya gama zaga duniya. Mu mutanen Safo kuwa 'yan amalanken jaki yake kiranmu. Da ya ji kowace komin, wato ƙaramar hukuma, za ta aiko da ɗalibi guda, kuma ni aka zaɓa a tamu, shi a tasu, sai ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ya ce, "Kai bawana, mi ka sani ban da hanyar gona?"

Na ce, "Na san hanyar gidan wanzami. Wanda ya faɗi, tal-kwabo za a yi mishi a tsakiyar kasuwa."

Muka tafa a gaban Kaka, ta zama shaida. Sai da na koma gida na tuna cewa ba don ƙoƙari mushenmu, wato malamin ajinmu, ya zaɓe ni ba, don bakina ba ya mutuwa ne.

Ranar gasa muka tafi a amalanke, kamar yadda ya faɗa. An kafa rumfa, manya sun jeru a kujerun gaba, jama'a kuwa kamar an zazzage gundumar duka a fili ɗaya. Aka yi ta tambayoyi da Faransanci: gulbin da ke ratsa mu, dajin da ke kudu, abin da aka fi nomawa. Sauran yara suka yi ta zubewa. Ni dai wata amsar na sani, wata na canka, wata kuma Allah ne kawai ya dubi sumata. Ƙarshe ya rage daga ni sai taubashina, makinmu ya zo ɗaya.

Alƙalin gasa, wani dogon mushe mai tabarau, ya ce tambaya ta ƙarshe, wanda ya fara buga tebur shi zai amsa. Ya karanta: gundumar Madarunfa mer nawa gare ta?

To, Faransanci yare ne mai rowa. Kalma uku ya cusa a baki ɗaya. Teku mer, magajin gari mer, uwa ma mer. Sai a rubuce ake rarrabe su, mu kuwa da kunne muka ji.

Taubashina ya daki tebur kamar ya kama ɓarawo. Ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya ce, "Ko ɗaya! Nijar ba ta da teku."

Alƙali ya girgiza kai, ya juyo gare ni.

Nan na gane magajin gari ake nufi, amma wallahi ban san su nawa ba ne. Ranar da aka yi darasin ina bayan aji ina sayar da goruba. Na ji iska na shafa sumata kamar tana yi mini bankwana. Don in sami lokaci sai na buɗe baki.

"Ranka ya daɗe, in teku kake nufi, muna da ɗaya, ga tafkinmu can. Wanda ya ce ba teku ba ne ya shiga ya ƙetare da ƙafa."

Aka fashe da dariya.

"In kuwa uwa kake nufi, sai a kira masu ƙidaya, don a unguwarmu kaɗai duk wadda ta gan ni da laifi uwata ce."

Ina zuba, idona na kan kujerun gaba. Ai ga su nan zaune! Kowane magajin gari ya rataya ɗamararsa mai launin tutar ƙasa. Na ƙirga biyar. Har zan faɗa, sai na hango kujera guda a tsakiyarsu babu kowa, an bar carbi da gorar ruwa a kai. Ba a barin kujera irin wannan don almara.

"In magajin gari ne kuwa, shida ne, ranka ya daɗe. Kowace komin da nata."

Ban rufe baki ba sai ga na shidan ya dawo daga alwala yana gyara ɗamara. Fili ya kaure. Mushenmu ya jefa hularsa sama, mai amalankenmu ya yi ta kiran sunan Safo har jakin ya taya shi.

Ranar kasuwa Kaka da kanta ta riƙo hannun taubashina zuwa gaban wanzami. Yana zaune yana ƙunƙuni wai tambayar ce ba ta da tarbiyya. Aska ta bi kansa tas, har ina ganin fuskata a ciki. Na tsaya na gyara sumata a wannan madubi, a hankali, gefe da gefe.

Kaka ta shafa ƙoƙon kan ta ce, "To ga tekun nan, har da ƙyalli."