Yagaggiyar Ɗari Biyar

Karatuna a aji huɗu ya tsaya, ranar da malamin lissafi ya tambaye ni bakwai sau takwas, na ce masa ya danganta da wanda ya zo saye. Amma in dai maganar kuɗin hannu ake yi, to a ba ni kujerar gaba. Shekara arba'in da ɗoriya ina zaune a tireda a Nassarawo. Na riƙe sule da sisi, na riƙe kwabo tun yana da mutunci, na kuma ga zamanin da in ka miƙa wa mutum tsaba a matsayin canji sai ya dube ka kamar ka zagi iyayensa. Da hanci kaɗai nakan san inda takardar kuɗi ta kwana: ta mai kifin bakin Binuwai daban, ta mahauci daban, ta tsohuwar da ta ƙulle a haɓar zane daban. Canjin naira biyar kuwa, na biya shi da alewa da ashana ya fi a ƙirga. Allah ya yafe mana, mu 'yan tireda.

Duk da wannan zurfin ilimi, sau ɗaya aka yi mini sakiyar da ba ruwa. Wani mutum ne ya tsaya da mota, babbar riga tana ƙamshi, ya sayi sukari da madara, ya miƙo ɗari biyar a ninke gida huɗu. Da hannu biyu na ba shi canji, har da addu'a. Sai da ƙurar motarsa ta kwanta na warware. Rabin dama da rabin hagu ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, lambar wannan daban, ta wancan daban, salatif ne ya ɗaura musu aure. Na kai banki, ma'aikaciyar da ke kanta ta ce, "Baba, wannan ai kuɗi biyu ne, kuma babu ko ɗaya."

To, ina da taubashi. Uwarsa ƙanwar ubana ce, tare muka taso a gidan kakanmu a Wuro Hausa kafin ya koma Mubi ya buɗe shagon gyaran rediyo. A al'ada shi bawana ne, ni ubangidansa, kuma duk watan Cika-ciki sai ya tako har Jimeta karɓar kuɗin shara. Tun daga bakin titi zai ɗaga murya.

"Ina ɓarawon Nassarawo? Fito ka biya, kafin in gaya wa mutane mudunka ƙarami ne!"

"Wa ya kwance bawan nan? Ku kama mini shi, ya gudo bai share turke ba!"

A shekarar da aka cuce ni, na ninke yagaggiyar gida huɗu na ba shi a matsayin shara. Ya yi godiya, ya sha kwana, ya warware. Minti biyu bai cika ba ya dawo yana zagin gemuna. Bai mayar mini ba. Bayan wata uku ya sayi ganyen shayi a wurina ya biya da ita a tsakiyar wasu, ban gani ba sai da ya yi nisa.

Daga nan ta zama 'yar aikenmu. Na tura masa ita cikin ƙunshin goro. Ya turo mini ita a gudummawar sunan jikata, a ambulan, har da rubutun fatan alheri. Bayan na sake mayar masa da ita, na ba shi rediyona ya gyara, da ta dawo ta ƙi magana, na buɗe gidan batir sai ga yagaggiyar a kwance. Dokar ɗaya ce, ba a rubuce ba: duk abin da ɗayanmu ya ba ɗaya, sai an sha kwana a bincika. Wajen shekara tara muna haka. Salatif ɗin ya yi baƙi, na sake mata sabo sau biyu da kuɗina.

Sai shekarar da 'yan bindiga suka ci Mubi, aka gudo. Wanda yake garin nan a lokacin ba sai an ba shi labari ba, kowane gida ya cika da baƙi. Taubashina ya iso da ƙafa, shi da matarsa, bayan kwanaki a daji. Ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ɗaya ya tsinke. Abin da ya fito da shi daga dukiyarsa duka wata 'yar jaka ce ta kayan aiki: sukundireba, 'yan wayoyi, batura. Da ya gan ni ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Ɓarawo, ga bawanka ya dawo gida. Sai ka ciyar."

Na sauke su a ɗakina na Wuro Hausa, suka yi wata huɗu. Ina lura da shi yana raguwa. Mutumin da in ya yi dariya sai kaji sun watse, ya koma zama a zaure yana kallon ƙasa. In na tsokane shi, sai ya amsa da rabin baki. Abin ya dame ni ƙwarai, kuma ni maganin da na sani ɗaya ne.

Da hanya ta buɗe, ya ce zai koma ya ga abin da ya rage na shagonsa. Da hantsi suka biyo ta tireda yin sallama. Na ɗaure musu sukari da sabulu, na ware kuɗin motar mutum biyu daidai, na zare ɗari biyar guda, na sa yagaggiyar a madadinta a tsakiya. Mai kyaun na ɓoye ta a ƙarƙashin hulata. Lissafina shi ne zai sha kwana, ya bincika, ya dawo yana zagina kamar dā, in cire hula in ba shi, ya bar garin nan da dariya a bakinsa.

Ya karɓa da hannu biyu. Ya ce, "Allah ya saka da alheri." Idanunsa sun yi ja. Ya sa a aljihu bai duba ba, suka tafi.

Ni da nake gane kuɗin mai kifi da hanci, ban gane ba. Ranar nan ba shara ya karɓa ba. Taimako ya karɓa, kuma ba a bincika taimako. Na zauna ina kallon kwanar nan, ɗari biyar tana jiƙewa da gumi a kaina, har aka kira azahar.

Da la'asar wani maƙwabcina mai keken haya, wanda ya kai su tasha, ya tsaya ya ba ni labari. Ɗan kamasho ya warware kuɗin, ya ɗaga yagaggiyar sama yana ihu: "Jama'a ku zo ku gani! Tsoho da furfura yana damfara!" Mutane suka taru. Lokacin kuwa kowa a tsorace yake, baƙon fuska a tasha abin zargi ne. Daga ina ka fito? Mubi. Ina katin shaidarka? Ya bar shi a can. Mene ne a jakar nan? Aka zazzage a ƙasa, sai ga wayoyi da batura. Nan take mutane suka ja da baya, wasu suka fara neman sanduna. Aka zaunar da taubashina a ƙasa cikin rana, hularsa ta faɗi aka tattake. Allah ne ya kawo wani tsohon direba da ya san shagonsa, ya rantse cewa shi ya gyara masa rediyon mota shekara da shekaru. Sannan aka bar shi ya tashi. Matarsa ta cire 'yan kunnenta ta ba wata mai abinci, aka cika kuɗin mota.

Na ce, "Bai ce ni na ba shi ba?"

"Sun tambaye shi, Bappa. Ya ce tasa ce."

Washegari na sami taubashina a waya. Kafin in buɗe baki ya ce, "Mun sauka lafiya, Alhaji. Mun gode, Alhaji." Ni ko filin jirgi ban taɓa shiga ba, balle Makka. Tun muna tsirara bai taɓa kirana da sunan kirki ba. Da a ce mari ya aiko mini, da ya fi sauƙi.

Cika-ciki ya zo, na share gaban tireda na jira, bai zo ba. Na aika masa da sharar ta hannun direba, sababbin kuɗi. Ya aiko da godiya da rabin buhun gyaɗa. Na zazzage gyaɗar nan a tabarma, na tona ta tas. Gyaɗa ce kawai. Haka shekara ta biyu, haka ta uku. Da na sani ƙeya ce, ni kuwa wuyana ya tsufa, ba ya juyawa.

Yanzu duniya ta canza. Masu saye sai su nuna mini waya su ce kuɗi ya shiga, ni kuma in gyaɗa kai kamar na ga shigarsa. Ba a jin ƙamshinsa, ba a ninke shi, ba inda za ka ɓoye wa mutum komai a tsakiya.

Bara na shiga mota na tafi Mubi. Na sayi 'yan kunne na kai wa matarsa, ta durƙusa ta karɓa. Shagon ya farfaɗo, ya koma gyaran waya da fitilu masu caji. Ya shimfiɗa mini sabuwar tabarma, aka yanka kaza. Na ce bari in gwada.

"Bawan nan ya yi ƙiba. Wa ke ciyar da kai ba da izinina ba?"

"Alhamdu lillahi, Alhaji."

"Taubashi, maganar ɗari biyar ɗin nan…"

"Wace ɗari biyar? Ci nama, Alhaji, zai huce."

Da zan tafi ya raka ni har tasha. Ina sa ƙafa a mota ya cusa mini kuɗi a aljihu, a ninke gida huɗu, ya ce in sha ruwa a hanya. Murna ta kama ni. Na daure, na bi doka, sai da motar ta sha kwana na fito da su. Na warware. Na duba ta farko, na duba ta tsakiya, na ɗaga kowace a hasken taga ina neman salatif. Na sake dubawa tun daga farko.

Wata mata da ke gefena ta ce, "Baba, lafiya? Ko an cuce ka ne?"

Na ce, "Ina fa, 'yata. Duk masu kyau ne."